Wayar da Ta Kewaye Kabari

Lajis bin Sarmadi shekararsa sittin da bakwai, sana'arsa liƙin bokiti da buta a bakin kasuwar Teluk Serai, wani ƙauyen masunta a gaɓar Singafo. Rumfarsa ba ta fi taku uku ba. Abin da ke ciki risho ne, da ludayin narka dalma, da wani tsumma mai maiƙo da ba ya yarda kowa ya taɓa. A gaban idonsa Pak Lajis ake ce masa, wato Baba Lajis. In ya ba da baya kuwa, tsofaffin ƙauyen "mai yankan waya" suke cewa, yau shekara talatin da biyu ke nan. Yana sane. In ka tambaye shi, sai ya ajiye ludayin ya zuba maka ido har ka ji ba daɗi, sannan ya ce shi bai taɓa yanka wayar da bai haɗa ba.

Ya shiga aikin wayar soja a 1929. Turawan Ingila sun girke manyan igwogi da sansanoni a kan tuddai don tsaron tashar jiragen ruwa, kuma wanda ke kan tudu ba ya sanin komai sai abin da aka gaya masa ta tarho. Wayar a binne take, kaurinta kamar damtse, silin jan ƙarfe hamsin a ciki, kowanne naɗe da takarda, duk an sa musu rigar dalma. Ruwa ne abokin gabarta. Ɗigo ɗaya ya shiga, takardar ta jiƙe, magana ta mutu. Aikin Lajis shi ne ya shiga rami ya buɗe, ya busar da silin da tafasasshen kaki, ya murɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya zura kwanson dalma a kan mahaɗar, ya shafe bakinta da narkakkiyar dalma da wannan tsumman a tafin hannunsa. Har yau tafin nasa na hagu ba ya jin zafin kofi.

Akwai doka a aikin. Duk wanda zai rufe mahaɗa sai ya jefa 'yar takarda a ciki, da sunansa da kwanan wata.

"Ba don a yaba maka ba," in ji shi. "Don in ruwa ya shiga a san wuyan da za a kama."

A shekara goma sha uku ba a taɓa kama wuyansa ba.

Abin da ya jawo masa ya faru tun 1937, lokacin da ake jan waya daga ofishin umarni zuwa Tudun Serai. Baturen da ya zana hanyar a ofis ya zana ta, fanka na kaɗa masa, ya ja layi miƙe da abin awo. Bai taɓa shiga dajin ba saboda sauro. Layin nasa ya bi ta tsakiyar wani tsohon kabari a ƙarƙashin wata babbar bishiya, na wani waliyyi da ba wanda ya san sunansa, inda matan ƙauye ke ɗaura rawayan ƙyalle. Da leburori suka iso wurin sai kowa ya jingina da digarsa. Helumansu, wani mutumin Tamil mai suna Sinniah, ya zo ya tsaya kusa da Lajis.

"Waliyyinku ne, ba nawa ba," ya ce. "Amma ni ma ba zan sa diga a kansa ba. 'Ya'yana biyar."

"To mu gaya wa Tuan." Haka suke kiran kowane Bature.

"Je ka gaya masa. Zai ce a haƙa, kuma kai zai miƙa wa digar, tunda kai ne mai baki."

Ba su gaya masa ba. Suka karkata ramin ya kewaye kabarin ta gefen teku, nisan taku sittin, suka koma kan layi. Wayar ba ta kai ba, Lajis ya ƙara guntu ya yi mahaɗa a wajen, taku goma sha ɗaya daga gindin bishiyar. Aka rufe, ciyawa ta tsiro. Taswira ta ci gaba da cewa waya ta wuce miƙe, kuma taswirar sirri ce, ba a nuna wa baƙar fata, balle ya ce akwai gyara. Lajis ba ya ɓoye nasa laifin a nan. Ya ce ya yi shiru, kuma shirun nan ya fi komai ba shi haushin kansa.

Da Yaƙin Duniya ya iso, Japan ba su zo ta teku ba, ta ƙasa suka biyo, ta baya. Ranar Juma'a, sha uku ga Fabrairun 1942, suna dab da Tudun Serai. A kan tudun akwai sojoji Malayu, 'yan ƙasa, ashirin da shida, mai riƙe da tarhonsu kuma Rejab ne, ƙanin Sapiah matar Lajis. Rejab ya auri wata yarinya mai suna Embon wata takwas kafin nan. Da safe bam ya faɗo kusa da kabarin, waya ta mutu.

Wanda aka ba aikin gyara wani Laftanar Ashcombe ne, kwanansa ashirin a ƙasar. Ya shimfiɗa taswira a kan mota, ya nuna inda za a haƙa.

"Tuan, wayar ba nan take ba," in ji Lajis.

"Takarda ta ce nan take."

"Ni na binne ta, Tuan."

"Ni kuma na ce ka ɗauki shebur."

Lajis ya ɗauki shebur, ya ɗauki rishonsa da akwatin kayan aiki, ya yi kamar zai kewaya, ya shige daji. Shi kaɗai ya haƙa. Ya tarar ƙasa ta motsa ta tsage tsohuwar mahaɗarsa, laka ta cika ta. Ya yanke kamu biyu da suka lalace ya jefo su bakin rami, ya zauna cikin ruwa zuwa gwiwa yana murɗa sili hamsin. Ya ji kiran sallar Juma'a daga ƙauye bai tashi ba. Wajen ƙarfe uku ya gama. Kafin ya rufe, ya maƙala ɗan tarhon gwajinsa ya murɗa hannun.

"Wa ke nan?" aka ce daga tudu.

"Abang ɗinka ne," in ji Lajis, wato yayanka.

"Abang Lajis? Tun safe nake murɗa abin nan kamar mai niƙan barkono. Ina ka shiga? Kana can kana cinye shinkafar yayata?"

"Ina cikin rami ina gyara maka, ɗan banza. Rufe baki in kira ofis."

Ya juya silin ya kira ofishin umarni. Yana jin ƙararrawar tana bugawa can, tas, alamar wayar lafiya lau take har ƙarshe. Ba wanda ya ɗauka. Ya sake. Sau bakwai ya kira, yana ƙirgawa. Daga baya ya sami labarin cewa tun hantsi aka ƙona takardu aka kwashe ofishin zuwa cikin gari, ba a bar ko mutum ɗaya a bakin tarho ba, ba a kuma aika kowa tudu da ƙafa ba, tafiyar da ba ta kai minti arba'in ba.

Ya koma wa Rejab.

"Saja ya ce a tambaya, mu tsaya ko mu sauko? Harsashi ya yi ƙasa," in ji Rejab.

"Ba su ɗauka ba."

Lajis yana jin harbi ta cikin wayar, yana kuma jin sa ta iska.

"To ba a ce mu sauko ba ke nan."

"Ni na ce ku sauko."

"Kai mai liƙin dalma ne, Abang, ba janar ba." Ya yi 'yar dariya. Sai ya ba shi saƙo zuwa ga Embon, magana biyu, ya ce Saja na kira, ya ajiye.

Lajis ya ciro takarda ya rubuta sunansa da kwanan wata da boko, yadda doka ta ce. A ƙasa ya ƙara layi biyu da ajami, abin da bai taɓa yi ba, don ba shi da wanda zai gaya wa. Ya jefa ta ciki, ya zuba kaki, ya shafe dalma, ya mayar da ƙasa. Niyyarsa ya ruga ya nemo wani mai anini a kafaɗa da zai iya cewa a sauko.

Yana tattara kaya sojoji Turawa huɗu suka fito daga daji. Sababbin zuwa ne, ba su bambance Malayu da Japan, kuma kwana uku ana gaya musu 'yan leƙen asiri na yanka waya. Ga mutum shi kaɗai, ga wuƙa, ga guntayen wayar soja biyu a ƙasa. Ya ce su haƙa su gani, kamu uku ne kawai. Ɗayansu ya buge masa baki da gindin bindiga. Haƙoran nan biyu da babu a gabansa, ranar suka tafi.

Suka kai shi gaban Ashcombe, wanda mutanensa, har da Sinniah, suka wuni suna haƙa ramukan banza. Lajis ya ce waya ta gyaru, ofis ne ba kowa, a aika tudu yanzu. Laftanan ya tambayi inda aka kama shi, ya ɗora yatsa a taswira.

"Babu waya a nan."

"Sinniah, gaya masa," in ji Lajis.

Sinniah ya dubi ƙasa.

Aka ɗaure masa hannu, aka rataya masa guntayen wayar a wuya, aka bi da shi ta tsakiyar Teluk Serai don shi ne hanyar bariki. Mutane suna ƙofar gidajensu suna sauraron harbin tudu. Embon tana tsaye a matakalar gidanta. Ya buɗe baki zai ba ta saƙon, jini ya cika masa baki, aka tura shi gaba. Kafin magariba tudun ya faɗi. Mutum huɗu suka tsira cikin ashirin da shida, ba Rejab a ciki.

An kulle shi a ɗakin ajiyar fenti, an ce za a harbe shi. Ba wanda ya dawo. Ranar Lahadi Turawa suka miƙa wuya, wani mai gadi ya buɗe ƙofar ya yi tafiyarsa. A ƙauye sai labarin ya zama Japan ne suka sake shi. Da Japan suka tattara duk ma'aikatan waya da jerin sunaye da mari suka mayar da su bakin aiki, sai aka ce to ga shi nan, ya koma wajen iyayen gidansa. Sinniah, wanda shi kaɗai zai iya buɗe baki, an kwashe shi aikin layin dogo a ƙasar Siyam, bai dawo ba.

"Na yafe masa?" in ji Lajis. "Wa ya ce maka? Ya mutu dai."

Turawa suka dawo a 1945. Ya je neman aikinsa, wani akawu ya karanta masa layi ɗaya daga fayil: an sallame shi bisa zargi. Ya ce a ba shi shebur da mutum ɗaya mai ido. Aka ce wurin ya zama filin soja, an kewaye shi da waya mai ƙaya. Ya rubuta takarda sau goma sha huɗu, amsa biyu ya samu, duka biyun sun ce bincike ya nuna babu waya a wurin da ya ambata. Binciken shi ne an sake buɗe taswirar. A 1948 ya tsallaka shingen da rana tsaka da sheburinsa, karnuka suka riga shi, ya yi wata guda a kurkuku da sunan ɓarawon jan ƙarfe. Ƙauye ya ƙara wannan a kan na da.

Ba a kore shi daga garin ba, kuma ya ƙi tashi. A masallaci ana ba shi hannu da yatsu biyu. Ba a kiransa walimar aure sai in tukunya ta huje. Sapiah ta zauna da shi har ta rasu a 1963, tana dafa masa shinkafa da kwakwa kowace safiya, ba ta taɓa cewa ya yi ba, ba ta kuma taɓa cewa bai yi ba. Ya ce da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Embon kuwa ba ta sake aure ba, ba ta sake kiran sunansa ba. Bokitinta in ya huje, mil biyu take tafiya ta kai wa wani mai liƙi Basine, mutumin ƙasar Sin. Sau tara Lajis ya je ƙofarta da saƙon Rejab. A na taran ta watsa masa ruwan wanke kifi, ta ce kada ya ƙara sa sunan mijinta a bakinsa. Bai ƙara ba. Bai kuma gaya wa kowa saƙon ba, ko Sapiah, don ba nata ba ne.

Sojojin Ingila sun kwashe nasu sun tafi shekara uku da suka wuce. Bana aka ba da filin don gina benaye. Watan jiya aka sare bishiyar, aka tono kabarin, aka kwashe 'yan ƙasusuwan a farin ƙyalle zuwa maƙabarta. Aikin bai kai awa biyu ba. Lajis yana tsaye yana kallo.

"Taku sittin muka kewaya don kada a taɓa shi," ya ce. "Ga shi mota ta ɗauke shi kafin shayi ya huce."

Daga ranar kullum sai ya rufe rumfa ya je ya tsaya a gaban motar haƙa. Mai kula da aikin, wani Basine da ake kira Ah Huat, ya gaji da shi a rana ta huɗu.

"Pak, in mutuwa kake nema, je ka wani filin. Nan takardu za ka jawo min."

"Akwai waya a ƙarƙashin ƙafarka, Tauke." Haka ake kiran maigida Basine.

"Taswirata ta ce ba komai."

"Wa ya ba ka ita?"

"Sojoji suka bari."

Lajis ya yi dariya har tari ya kama shi. "Na san ta. Mun daɗe tare. Ka haƙa min kamu uku. Jan ƙarfen duk naka ne, taku sittin, ka san abin da masu gwangwan za su ce. Ni gunduwa ɗaya nake so."

Ah Huat ya sosa ƙeya. "In ba komai fa?"

"Sai ka tura ni ciki ka rufe, ka huta."

Ya ƙirga taku goma sha ɗaya daga kututturen zuwa gefen teku. Aka haƙa, jar ƙasa kawai. Leburori suka fara murmushi, wani ya ce tsoho mafarki ya yi. Lajis ya tsaya yana duban ƙafafunsa. Sai ya gane ba takun mai shekara talatin yake yi ba yanzu. Ya koma kututturen, ya buɗe ƙafa har cinyarsa ta yi ƙara, ya sake ƙirgawa. A kamu na uku haƙorin motar ya karci wani abu toka-toka.

Bai bari motar ta ƙara taɓawa ba. Da hannu ya tone, ya yanke ta gefe biyu da zarto, ya ɗaure mahaɗar a bayan kekensa. Bai buɗe ta a nan ba. Ya biya rumfa ya ɗauki risho, ya tura keken har ƙofar Embon. Bayan azahar ne, tana zaune a matakala tana tsince shinkafa.

"Kwashe ƙazantarka daga ƙofata," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Yau ba inda zan je. A kira liman. A kira duk wanda ya taɓa ce min mai yankan waya, in akwai sauran masu numfashi."

Ba sai an kira ba, mutane sun biyo keken. Ya sa liman ya duba dalmar ya shaida ba tsaga, ba sabon liƙi. Sannan ya kunna risho ya narke bakin, ya zare kwanson. Kakin yana nan rawaya, silin a bushe ƙayau kamar jiya aka naɗe su. Ya ɗan tsaya a kan wannan, don aikinsa ne. Ya zaro takardar da ɗan tsinke ya miƙa wa Embon, ba liman ba.

"Kin yi karatun allo. Karanta da ƙarfi."

Ta kai ta kusa da ido. Bokon ba ta iya ba, liman ya leƙa ya karanta suna da kwanan wata. Ajamin ita ta karanta, a hankali.

"Ƙarfe uku. Waya ta gyaru. Rejab ya amsa. Ofis ba kowa, na kira sau bakwai."

Wani tsoho ya fara cewa ai su dama can ba su tabbatar ba. Lajis ya juya ya dube shi, ya haɗiye sauran.

Embon ta daɗe riƙe da takardar. Shinkafar ta zube daga faifan, kaji suka taru, ba ta kore su ba.

"Me ya ce?"

"Sau tara na zo."

"Na sani. Me ya ce, Abang?"

Tun 1942 ba ta kira shi haka ba. Ya ce bai ji komai ya sauka daga ƙirjinsa ba, sai ma wani sabon haushi, don ya ga ashe kalmar ba ta da nauyin da za a ce ta gagari mutum shekara talatin da biyu.

"Ya ce ki riƙa canza wa kurciyarsa ruwa, ya san ki da mantuwa. Ya ce in ta mutu ke za ki shiga kejin."

Embon ta rufe baki da gefen mayafinta. Ba a gane dariya ce ko kuka ba.

"Shekara tara ta yi," ta ce. "Kullum ina canza mata."

Ta ce a kawo masa kofi. Aka kawo, ya bar shi a matakala. Ya naɗe tsummansa, ya ɗaure kwanson dalmar a keke, ya bar mata takardar, ya tura ya ratsa mutane. Wasu sun miƙo hannu, duka biyar ɗin yatsun wannan karon. Hannuwansa na kan keke.

Wannan ranar Alhamis ce. Ranar Asabar da ya zo buɗe rumfa ya tarar da bokiti a kan teburinsa, tsoho, da huji a gindi da liƙin Basinen nan mai gyaran bokiti har uku. Ba wanda ya ga mai ajiyewa, amma kowa a kasuwar ya san bokitin Embon ne. Ya ture shi gefe. Kwana huɗu yana aiki a kusa da shi, yana zagin liƙin da aka yi masa ga duk wanda ya tsaya. Mai kifin da ke maƙwabtaka da shi ya ce, Pak, ko dai ka gyara ko ka mayar, ya tsare mana hanya.

Yau da safe ya yanki ɓallin dalma daga kwanson, ya narka, ya kankare tsofaffin liƙin uku, ya yi nasa guda. Ya cika bokitin da ruwa ya ɗaga sama ya duba gindin. Mai kifi ya ce in yana so matarsa za ta biya ta kai mata.

"Tana da ƙafa," in ji Lajis.

Ya zubar da ruwan, ya rataye bokitin a ƙusa a gaban rumfa, inda duk mai wucewa zai gani, ya jawo butar da ke biye.